Yadda Za Ka Zaga Cikin Birnin Kano da Ƙafa

Akwai mutanen da suka shekara ashirin a Kano, amma iyakar saninsu da cikin birni shi ne abin da ido ke kamawa ta tagar mota. Akwai ɗan kasuwar da ke zuwa Kantin Kwari duk wata daga Maraɗi ko Yola, ya yi sari, ya ɗaure kaya, ya juya, bai taɓa taka Kasuwar Kurmi ba. Har cikin 'ya'yan Kanawa da aka haifa a Hotoro ko Rijiyar Zaki, ba za ka rasa wanda bai san ta inda ake hawa Dala ba. Laifin kuwa ba nasu ba ne su kaɗai. An tsara tsohon birnin tun ba a san mota ba, lungunansa daidai faɗin jaki da mangalarsa aka bar su. Duk wanda ya ce sai a kan taya zai ga birni, to manyan tituna kaɗai zai gani.

Shawarata a yau ita ce ka ware yini ɗaya ko biyu, ka ajiye mota, ka shiga da ƙafa. Kafin mu kama hanya, ga abu guda da za ka riƙe: duk inda za ka taka a cikin ganuwa, ƙofar gidan wani ce, ko wurin sana'arsa, ko masallacin unguwarsu. Ba a gina birnin don 'yan kallo ba. Wanda ya shiga a matsayin baƙo mai sallama, za a nuna masa abin da bai ma tambaya ba. Wanda ya shiga yana ɗaga waya yana ɗaukar kowa hoto, bango da kwata zai gani ya koma gida.

Zaɓen lokaci

Lokacin sanyi ya fi kowane lokaci daɗin tafiya, wato daga Nuwamba zuwa farkon Fabrairu. Illarsa ɗaya ce: ranar da hazo ya sauko, in ka hau Dala ba za ka hango nesa ba. A bazara, daga Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40, don haka in lokacin ka samu, ka fita da sassafe ka dawo kafin rana ta take. Damina na wanke sararin sama, gari ya fito fes daga kan dutse, sai dai in an yi ruwa da daddare kwatoci kan cika, wasu lungunan su zama taɓo. Ka ba ƙasa yini guda ta tsane.

A cikin yinin ma akwai tsari. Marina sukan fara aiki tun da safe. Gidan tarihi na Gidan Makama da rana yake buɗe. Kurmi ba ta cika sai hantsi ya ɗaga. Dala kuma bayan la'asar take da daɗi. In ka jera su haka, rana ba za ta ci ka a banza ba. Tsakanin azahar da la'asar ka nemi inuwa ka zauna, domin mutanen garin ma abin da suke yi ke nan.

Ranar Juma'a, daga hantsi har a sauko daga masallaci, hanyoyin da ke kewaye da Babban Masallaci sukan cushe. In sallar za ka yi a can, madalla. In yawo ne ya kawo ka, zaɓi wata ranar. Haka ranakun hawan Sallah da ranar Takutaha, da jama'a ke tururuwa zuwa Dala mako guda bayan Mauludi: ranakun kallon taro ne, ba a iya tsayawa a duba gini ko a yi hira da dattijo.

Abin da za ka sa, da abin da za ka riƙe

Takalmi ne farko. Nemi mai kaurin ƙasa wanda ƙusa ba za ta huda ba, amma mai sauƙin cirewa, domin za ka tuɓe shi a ƙofar masallaci, a zauren malami, wani lokacin har a rumfar mai littattafai. Sabon takalmi a bar shi gida, kada ya yi maka kanta tun ba a je ko'ina ba.

Sutura kuwa, sa abin da ba zai sa a juyo a kalle ka ba. Yadi mara nauyi da hula sun ishi namiji. Ke kuma 'yar'uwa, hijabi ko babban mayafi mara kauri zai sa ki ratsa kowace unguwa ba tare da an ɗaga ido ba, kuma ya tare miki rana.

Riƙe gorar ruwa da ƙananan kuɗi. Masu shaguna da yawa suna karɓar tiransifa, amma mai ƙosai, da yaron da ya raka ka, da mai gadin gidan wanka, canji suke so a hannu. Ka raba kuɗin aljihu biyu, kada ka riƙa zaro damin gaba ɗaya a bainar jama'a. Ƙaramin littafi da biro ma suna da amfani, za mu zo kansu.

Taswirar waya za ta kai ka manyan tituna, amma da ka faɗa lungu sai ta rikice. A nan bakinka ne jagora, matambayi kuwa ba ya ɓata. Sai dai tambayar ma tana da ladabi. Fara da sallama, ka gaisa sosai, ka tambayi aiki da iyali, sannan ka kawo buƙatarka. Dattijo ka ce masa Baba ko Malam, dattijuwa ka ce mata Hajiya ko Inna. Waɗanda suka fi sanin hanya su ne na zaune: tela, mai shayi, mai kanti, da dattawan da ke majalisa a dakali. Kada ka tambayi wuri mai nisa a dunƙule. Tambayi unguwa ta gaba, in ka isa ka sake tambaya. Kwatancen cikin birni da masallaci da rijiya da bishiya ake yin sa, don haka in an ce maka ka bi ta gindin durumi ka sha kwana, durumin za ka nema, ba allon suna ba.

In kana da aboki ɗan cikin gari, ko wanda gidan kakanninsa ke can, ka roƙe shi ya raka ka. In ɗalibai za ka kai, ko za ku shiga da babbar kyamara, ku fara zuwa gaida mai unguwa ku faɗa masa abin da ke tafe da ku. Minti goma a zaurensa kan rage muku tambayoyin da za a yi ta yi muku a hanya.

Hanya ta farko: daga Ƙofar Mata zuwa Gidan Makama

Hau adaidaita sahu ya sauke ka a Ƙofar Mata. Marinar da ke gefen ƙofar ita ce ake cewa an kafa ta tun 1498. Rijiyoyin rini ne jere a ƙasa, zurfinsu ya fi tsayin mutum, ana haɗa ruwa da baba da toka a ciki a bar su kwanaki su tsima. Kada ka tsaya a kan kallon ramukan kawai. Tsaya ka ga yadda marini ke tsoma zane ya ɗago shi: zai fito da kore-kore, sai iska ta buge shi ya rikiɗe shuɗi a gaban idonka. Yawan tsomawa da ɗagawa shi ke kawo duhun launi, shi ya sa zane guda kan ci sa'o'i. Zanen da ka gani da ado kuwa, yawanci mata ne suka ɗaure shi a cikin gida kafin a kawo. Ka nemi a nuna maka masu bugu, waɗanda ke jibgar rinannen zane da manyan guduma na itace har ya yi sheƙi. Za ka lura rijiyoyi da dama sun bushe, babu mai aiki a kansu. Ka tambayi marinan dalili, za ka ji labarin yadin kanti da rinin zamani daga bakin waɗanda abin ya shafa. In ka ɗauki lokacinsu, ka sayi ko da ɗankwali ne, ko ka ba da na goro.

Daga nan ka miƙe yamma, ka wuce Asibitin Murtala, sai Babban Masallacin Juma'a. Asalinsa na zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ne, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, amma ginin da ke tsaye yanzu, mai hasumiya biyu, na zamanin Sarki Abdullahi Bayero ne, a farkon shekarun 1950. In kana tare da baƙon da ba Musulmi ba, ku tsaya daga waje sai in an ba da izini.

Masallacin yana jingine da Gidan Rumfa, fadar da sarakunan Kano ke zaune a cikinta fiye da shekara ɗari biyar, na Haɓe da na Fulani. Bi gefen katanga ka zagayo Ƙofar Kudu, inda filin da ake Hawan Daushe yake. Fada gida ce da ake zaune a ciki, kuma wurin aiki ce, ba a faɗa mata kai tsaye. Ka gaida dogarai, ka tambaye su iya inda aka yarda baƙo ya tsaya, da ko an yarda a ɗauki hoto. In ka ga an tsaurara tsaro, kada ka ja magana, ka wuce.

Tsallaken filin ga Gidan Makama nan. A nan Rumfa ya zauna tun yana riƙe da sarautar Makama, kuma Turawa sun yi ofis a ciki bayan sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Yanzu gidan tarihi ne a ƙarƙashin hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa, ana biyan ɗan kuɗin shiga. A ciki akwai tsofaffin ƙyamaren ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da kayan sana'o'i, da hotunan sarakuna. Karɓi mai yi maka bayani, ka sallame shi in kun gama.

Amma babban abin kallo a Gidan Makama shi ne gidan kansa. Ɗaga kai ka dubi rufin soraye. Azara ce ta giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, aka jera aka ɗaure ta da ƙasa har ta yi bakan gizo, a wasu ɗakunan kuma ɗaurin guga. Taɓa bangon ka ji kaurinsa, ka lura da sanyin ɗakin alhali ana rana a waje. Da tubali aka ɗora shi, aka shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, don ruwa ya zame. A saman katanga ga zankwaye, ga indararo mai zubar da ruwan rufi nesa da gindin bango. In idonka ya koyi waɗannan a nan, za ka riƙa tsinto su a lunguna, ko da an shafe gaban gidan da siminti. Kududdufan da za ka ci karo da su ma ba haka kawai suke ba: ramukan da aka haƙi ƙasar ginin birnin ne.

Hanya ta biyu: daga Kurmi zuwa Dala

Mai ƙarfi yana iya haɗa wannan da ta farko a yini ɗaya, ya huta da azahar. In da yara ko dattijo a tafiyar, a raba ta kwana biyu. Sannu ba ta hana zuwa.

Daga Babban Masallaci ka nufi arewa maso yamma, kana tambayar Kurmi. Ita ma Rumfa ne ya kafa ta, a gefen rafin Jakara. A da, a nan ayarin Sahara ke sauke kaya: gishiri daga Bilma, kanwa daga Barno, hajar Tarabulus da Gadamus, ga goro da fatake ke ɗaukowa daga Gwanja. Abin da Kano ke bayarwa shi ne saƙi da rini da jima. Bature Heinrich Barth, wanda ya zo a 1851, ya rubuta cewa tufafin Kano suna kaiwa har Tambutu. A wannan kasuwar kuma an sayar da bayi, wannan ma yana cikin tarihinta, kuma ya kamata a faɗa wa yaran da aka kai.

Kurmi layi-layi take, kowace sana'a da wurinta. Nemi layin masu kayan doki, ka ga sirdi da linzami da likkafa da jalala. Nemi dukawa masu jaka da titimi da kube, da masu tagulla, da masu ƙwarya da faifai, da 'yan ƙoli, da masu turare, da masu magungunan gargajiya. Kada ka bar layin littattafai, inda ake sayar da allo da tawada da gafaka da littattafan fiƙihu da na ajami. Hanyoyin matsattsu ne, in ka ji an ce "hanya, hanya", ka raɓe, ɗan dako ne ko mai kura ke tafe da kaya.

Ciniki yana da ƙa'idarsa. Tambayar kuɗi ba laifi ba ce, amma kada ka taya abin da ba ka da niyyar saye, domin in mai kaya ya ce ya sallama, magana ta ɗaure ka. In ya ce albarka, ka ƙara ko ka yi godiya ka wuce. In an ce maka wani abu tsohon kayan tarihi ne na shekara ɗari, ka saye shi don ya yi maka kyau, kada ka biya kuɗin shekarun da ba ka da hanyar tabbatarwa.

Tsakanin Kurmi da Dala, da kewayensu, nan ne tsofaffin unguwanni suke, kuma a nan ne tafiyar ƙafa ke biyan wahalarta. Duk unguwar da ka shiga, tambayi sunanta, ka tambayi su wa suka kafa ta. Madabo tsohuwar cibiyar karatu ce da ake dangantawa da Wangarawa, malaman da littafin tarihin Kano ya ce sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji, tsakanin 1349 da 1385. Sharifai mazaunin zuriyar Shehu Maghili ce, malamin da ya sauka a Kano zamanin Rumfa ya rubuta masa littafi kan yadda ake riƙon mulki. Dandalin Turawa nan ne Larabawan Arewacin Afirka suka zauna da kasuwancinsu. Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Agadasawa da Ayagi ta Yarabawa, kowacce tana gaya maka daga ina mutanenta na farko suka fito. Wasu kuma sana'a ce ta tara su, kamar Dukawa da Soron Ɗinki. A Koki za a nuna maka gidan zuriyar Alhasan Ɗantata, attajirin goro da gyaɗa da ya rasu a 1955. In ka ƙarasa Gwammaja, ga Gidan Mambayya, gidan Malam Aminu Kano, wanda ya rasu a 1983, yanzu cibiyar nazari ce ta Jami'ar Bayero. Ba za ka gama su a fita ɗaya ba. Zaɓi biyu ko uku ka zauna da su.

A cikin lungu ka kiyaye abu huɗu. Namiji ba ya wuce zaure, ko da ƙofa a buɗe take, balle gidan da aka rubuta "ba a shiga". Ba a ɗaukar mata da 'yan mata hoto, haka almajirai a makarantar allo, sai da yardar malaminsu. In ka tarar ana jana'iza, ka tsaya ka yi ta'aziyya ko ka raɓe shiru har a wuce. In an shimfiɗa tabarmi ana salla a hanya, ka shiga sahu ko ka jira, kada ka ratsa. Mace a cikin tafiyar tana da damar da namiji ba shi da ita: in ta yi sallama aka amsa, takan shiga cikin gida ta ga tsakar gida da madafa, da masu ɗinkin hula, da masu tuyar gurasa.

Littafin nan da na ce ka riƙe, ga amfaninsa. Abin da Baba na wannan dakalin ya faɗa maka game da wata rijiya ko wani masallaci, na gaba yana iya faɗa maka saɓaninsa. Kada ka yi musu da kowa. Rubuta kowanne da unguwar da ka ji shi, in ka koma gida ka gwada da abin da ke rubuce. Tarihin baka haka yake, kowane gida da ruwayarsa, kuma saɓanin kansa yakan nuna maka wane gida ne ke ganin shi ya riga wani zuwa.

Bayan la'asar ka isa gindin Dala. Akwai matakala, ka hau a hankali kana hutawa. Dutsen yana da tama, kuma masu binciken ƙasa sun gano alamun narkar da ƙarfe a wurin tun wajen ƙarni na 7, wato tun kafin zuwan Bagauda, wanda ake lissafa sarautarsa daga shekarar 999. A nan ne ake cewa Barbushe ya zauna yana jagorantar bautar Tsumburbura kafin Musulunci ya kafu. Daga sama ka nemi hasumiyoyin Babban Masallaci, su za su nuna maka inda fada take. Ka juya yamma ka ga Gwauron Dutse, ka juya gabas ka ga Fagge da Sabon Gari. Sai ka gwada bin hanyar da ka biyo da ido, daga Ƙofar Mata har inda kake tsaye. A hau cikin ayari, ba mutum ɗaya ba, kuma a sauko kafin magariba.

Hanya ta uku: ganuwa da ƙofofi

Littafin tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa, sarakunan baya suka yi ta faɗaɗa ta, ciki har da Rumfa. A da, kowace ƙofa tana da sarkinta mai rufe ta da dare. A 2007 an sa ganuwar da wuraren da ke tattare da ita a jerin waɗanda Najeriya ke neman UNESCO ta amince da su a matsayin kayan tarihi na duniya. Duk da haka, kada ka sa rai za ka zagaye ta da ƙafa kana dafa ta. A wurare da yawa ta zama gidaje da shaguna, wani wurin an kwashe ƙasarta an yi gini, yawancin ƙofofin kuma an rushe su an sake gina su da siminti don a faɗaɗa titi.

Yanki mafi sauƙin bi shi ne na kudu, a gefen titin da ya nufi Jami'ar Bayero: Sabuwar Ƙofa, Ɗan'agundi, Na'isa, Gadon Ƙaya, har zuwa Dukawuya da Kabuga, wadda ta wajenta sojojin Ingila suka shigo a 1903, lokacin Sarki Alu yana Sakkwato. Tafiyar tana da tsawo kuma inuwa ta yi ƙaranci, don haka yi ta da safe, ka taka tsakanin ƙofa biyu ko uku, sauran ka hau adaidaita. Inda ka sami guntun ganuwa a tsaye, kada ka hau, kada ka bar yara su ƙwaƙule ta. Ƙasa ce, abin da ya zube ba ya komawa.

Ka rufe wannan fitar da Gidan Ɗan Hausa a Nasarawa, wajen ganuwa. Gidan Hanns Vischer ne, Baturen da ya buɗe makarantar boko a Kano a 1909. Ginin ƙasa ne na maginan Kano, yanzu yana hannun hukumar tarihi da al'adu ta jiha, kuma bayan abin da ka koya a Gidan Makama, za ka iya karanta bangonsa da kanka.

Ciki da tsaro

Kada ka cika ciki kafin tafiya. Koko da ƙosai ko waina sun isa da safe. Da rana ka nemi gurasa a wajen Jakara, bandashe ko da tsire, ka kora da fura ko kunun tsamiya. Ka ci inda ka ga 'yan unguwa sun yi layi, kuma abin da aka sauke daga wuta a gabanka. Lokacin salla shi ne lokacin kama ruwa: kusa da manyan masallatai da kasuwa akwai gidajen wanka da bahaya na kuɗi.

Ƙwacen waya matsala ce da Kanawa da kansu ke kuka da ita, ba ɓoyayyen abu ba ne. Sa wayarka a aljihun ciki. In za ka amsa kira ko ka duba taswira, shiga shago ko ka tsaya cikin mutane. Lungun da ka ga ba kowa, ka koma ka bi mai jama'a. In ka ga ana rufe shaguna ba lokacin salla ba, ko matasa na gudu, faɗa shago ko masallaci mafi kusa ka bi abin da masu wurin suka ce. Ranakun gangamin siyasa a bar yawo. A lungu ka riƙa bin gefen bango, domin babura ba sa jira, yara kuma a riƙe hannunsu.

In sa'a biyu kawai gare ka

Ba kowa ke da yini guda ba. Wanda ya zo sari ko biki, ya sami sa'a biyu kafin mota ta tashi, kada ya ce zai taɓa ko'ina. In da safe ne, ya sauka a Ƙofar Mata ya ga rini, ya taka zuwa Gidan Makama, ya hau adaidaita daga nan. In da yamma ne, ya shiga Kurmi ya zaɓi layi biyu, ya nemi ɗan rakiya zuwa Dala. Wanda ke zaune a Kano kuwa ba shi da uzurin gaggawa: ya ɗauki unguwa ɗaya duk Asabar ɗin ƙarshen wata, ya tafi da ɗansa ko ƙanwarsa, ya fara da unguwar da kakansa ya fito in yana da ita. Dattawan da suka san wace rijiya ce ta wa, da wane soro ne aka fara ginawa, yawancinsu sun haura saba'in, don haka a fara da su kafin a je ga gine-gine.